Yarinyar da Ba a Kiran Sunanta

Makka, 9 ga Jimada Ahir, 1446

Zuwa ga Yaya Hajo, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin taubashi, rabi ladabi rabi tsokana, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da gwiwar nan taki mai sanin zuwan ruwa kafin gidan rediyo. Mu nan lafiya lau. Bayana ne kawai ke ƙorafi. Shekara goma sha tara ina tuƙa motar ruwa a kan duwatsun garin nan, yanzu in zan sunkuya sai na nemi izininsa. Uwargida Batulu na gaishe ki.

Kin ce ba kya son waya, maganar iska ce, takarda kike so wadda za ki ajiye ki nuna wa dangi. To ga takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na yi sallama da boko, kuma boko bai yi kukan rabuwa da ni ba. Wani mai umara ɗan Mirya zai kawo miki.

Labarin Sadiya ne, marainiyar ƙaninki Mahadi, da kika damƙa wa Batulu ta zo mana da ita. Wata biyar ke nan. Ci kam tana ci, burodin tamis da wake ba ta yi musu da shi ba ko sau ɗaya. Ta yi kumatu. Amma magana, Yaya, babu. Tulun da ke kicin ɗinmu ya fi ta surutu, don shi in an zuba masa ruwa yakan ce wani abu. Ni na ga dalili. Barbarci ta sha a wurin uwarta a Gigimi, ta zo nan ta tarar da Hausa a ɗaki, ta leƙa waje Larabci. Yarinya 'yar shekara huɗu, harshe uku sun cushe a kanta kamar motoci a hanyar Muzdalifa, ba mai gaba ba mai baya.

Abin da ya fi damun Batulu shi ne wasa. 'Ya'yan maƙwabcinmu, Hadil da Raghad, suna zuwa su yi 'yar ɓuya da ita. Ita sai ta tsaya tsakiyar tsakar gida ta rufe idonta da hannu, a ganinta tunda ba ta ganin kowa, ba mai ganinta. Ran nan Hadil ta faɗi ta fasa leɓe tana ta ihu, Sadiya ta dube ta kamar an kunna fanka, ta ci gaba da abin da take yi.

Sai muka kai ta asibitin yara, wurin wata Duktura Dalal mai duba maganar yara da fahimtarsu. Ta fito da 'yar tsana biyu. Ta farko ta sa dabino a jan gwangwani ta fita. Ta biyu ta ɗauke dabinon ta mayar cikin kwando. Ta farkon ta dawo. Duktura ta ce a tambayi Sadiya, ina 'yar tsanar za ta fara dubawa? Ita tana faɗa da Larabci, ni ina juyawa da Hausa, yarinya tana kallonmu da Barbarci. Ƙarshe ta miƙa hannu cikin kwando ta ɗauki dabinon ta cinye. Na ce Duktura, ai ta fi mu duka hankali.

Duktura ba ta yi dariya ba. Ta ce a yanzu yarinyar ba ta gane cewa abin da ke cikin kanta daban, abin da ke cikin kan wani daban. Na ce to mun zama biyu a gidan, ni ma shekara goma sha shida ban san abin da ke cikin kan Batulu ba. Ta ce mu dawo bayan wata ɗaya.

Ki gaida Baffa da kowa da kowa.

Taubashinki,
Mika'ilu Mai Ruwa


Damagaram, 14 ga Rajab, 1446

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi, Malam ya amsa gaisuwarka. Ka gaida Batulu.

Takardarka ta zo, na sa an karanta ta gaban Baffa da sauran dangi, tunda don haka na ce a riƙa rubutowa. Ba wanda ya yi dariya. Wasan taubasai yana da wurinsa, ban taɓa hana ka ba tun kana yawo ba wando. Amma 'yar Mahadi ce ka auna da tulu. Mahadi da matarsa ko shekara biyu ba su yi a ƙasa ba.

Kuma ka ɗauke ta ka kai wa likitar kai, an sa ta gaba da 'yar tsana ana gwada hankalinta kamar wadda ta zautu. Balarabiyar likitar ta ce yarinyar ba ta san mutane ba, kai kuma ka rubuto mana kana wasa. A zuriyarmu ba a taɓa haifar wanda bai san mutane ba. In wani abu ya same ta, a can ya same ta.

Na ba ku ita ne don na ga Batulu shekara da shekaru ba ta samu ba, ni kuma gidana ya cika. Na yi zaton alheri na yi wa kowa. Yanzu Baffa ya yanke, ni ma na yarda: ɗana Abubakar zai zo umara bayan ƙaramar salla, zai dawo mana da ita. Ka shirya takardunta. Ta dawo inda za ta ji harshe ɗaya, cikin 'yan uwanta, a yi mata rubutu ta sha.

Kar ka amsa min da wasa.

Yayarka,
Hajo


Makka, 2 ga Sha'aban, 1446

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa. Muna lafiya, bayana yana nan da halinsa.

Kin ce kar in amsa da wasa. Zan gwada, amma kin san kayan aikina ke nan, ba ni da wasu.

Maganar tulu, na tuba. Bakina ne ya fi kaina gudu, tun ina yaro haka yake. Amma Duktura ba likitar mahaukata ba ce, kuma ba ta ce Sadiya ba ta da hankali ba. Cewa ta yi yaro da hira yake koyon cikin mutane. Yana ji ana cewa wane ya zata, wance ta manta, wane bai sani ba, har ya gane kowa da nasa kan. Wanda aka cire daga harshensa tsakiyar tafiya sai ya ɗan tsaya, in an yi ta yi masa magana ya kamo. Ta ce ta ga irinsu da yawa, 'ya'yan riƙo da aka ƙetaro da su daga wata ƙasa.

Yanzu ki ji abin kunyar, don namu ne, ba na yarinya ba.

Da muka koma, Duktura ta sa Sadiya a can gefe da kayan wasa, ta ce wa Batulu, kira ta. Batulu ta ce, "Ke." Duktura ta ce a'a, da sunanta. Batulu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.  Ni na yi bayani, na ce Duktura, a wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta cika yi masa hira ba. Kunya ce. Batulu tun ranar da ta sauko da yarinyar daga jirgi ta ɗauke ta 'yar fari, shi ya sa ta ba ta cikakkiyar kunyar da ake ba ɗan da aka haifa. Duk abin da ta iya na nuna ƙauna ke nan.

Duktura ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, to kai fa, me kake kiranta?

Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige. Ni kullum da sunan da nake ba ta. Yau Hajiya Ƙarama, gobe Mudira wato shugaba, jibi Sarauniyar Gigimi. Ina ganin gwanintar raha nake yi. Ashe yarinya ta rasa uwa, ta rasa uba, ta rasa gari, ta rasa harshe, abu ɗaya da ta iso da shi wanda kunnenta ya sani shi ne sunanta, mu kuma muka haɗu muka ɓoye mata shi wata shida. Ɗaya don kunya, ɗaya don shirme.

Da muka dawo gida bayan azahar, Batulu ta kore ni, ta rufe ƙofa da taga kamar mai shirin aikata laifi. Na tsaya a matakala ina kasa kunne, ba zan ɓoye miki ba. Ta daɗe. Sannan na ji ta ce, "Sadiya," da wata murya kamar mai ɗaga tukunyar gas. Na leƙa ta kafar ƙofa. Yarinyar ta saki abin da ke hannunta, ta waiga tana neman wanda ya san ta a garin nan. Batulu ta sake faɗa. Sai ta taso ta zo ta kifa kanta a cinyarta. Ni kuma wani abu ya faɗa min a ido, ƙurar Makka ce, kin san ta da yawa.

Tun ranar gidanmu ya koma gidan rediyo. Batulu na girki tana ba da labari: Sadiya ga albasa, Sadiya albasa ta sa Umma hawaye amma Umma ba kuka take ba. In za a fita ta ce, "Ba takalmi, ba fita," don ƙasar nan da rana tana gasa ƙafa. Ni kuma an ba ni aikin da ya dace da ni, aikin wawa. In sa makulli a aljihu, Batulu ta zare, in yi ta lalube ina cewa, Sadiya, Baba ya zata yana nan, ashe Baba bai sani ba! Yanzu tana da kalma huɗu: ruwa, Umma, yalla ta Larabawa wato mu tafi, da a'a. A'a ɗin ta fi ƙwarewa a kai, ta gado ku.

Saboda haka ga amsata, ba wasa a ciki. Ba za ta hau jirgi ba. An cire ta daga Gigimi, an cire ta daga Damagaram, yanzu da ta fara kama ƙasa kuma a sake cire ta? Ki gaya wa Baffa ina durƙusawa ina gaishe shi, kuma daga durƙushen nake cewa a'a. Rubutun sha kuwa ku aiko, za ta sha, ni ma a ɗan ɗiba min ko kaina ya buɗe.

Mika'ilu


Damagaram, 23 ga Ramadan, 1446

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Ya ibada? Muna lafiya.

Takardarka sai shekaranjiya ta iso. Matar da ka ba ta wuce da ita Tanut cikin jakar tsaraba, ta manta. Fiye da wata biyu ina jiran amsa, Baffa kullum sai ya tambaya, har na ce masa ka raina mu ne. Da ta zo kuma na ga gara shirun.

Wato yanzu Batulu na kiran sunan 'yar fari da baki, maƙwabta na ji. Haka za ku tashe ta irin 'ya'yan can, masu kallon babba tsakiyar ido, ba durƙuso ba sunkuyawa. Iyayenmu da suka yi kunya, bebaye suka haifa? Kuma kalma huɗu ba magana ba ce, akun gidan Baffa ya fi haka.

Ka tuna ni na sa hannu a takardar riƙon nan. Abin da na sa, ina iya janyewa. Abubakar zai iso ran goma ga Shawwal. Na ce masa ya buɗe idonsa ya duba yarinyar da kyau, kuma kar ya zauna hira da kai, don na san za ka sa shi dariya ya manta abin da ya kai shi.

Hajo


Makka, 16 ga Shawwal, 1446

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum, barka da salla. Muna lafiya. An fara kai mu Mina muna wanke tankunan ruwa kafin alhazai, rana kuma ta fara nuna ita ce babba a garin.

Wannan takardar Abubakar ne zai ba ki hannu da hannu, ba za ta je Tanut ba. Za ki ga ya shigo shi kaɗai. Kafin ki ɗaga masa murya ki karanta.

Zan fara da faɗin gaskiya. Duk cika bakin da na yi, na shirya takardun. Batulu ce ta sa ni. Ta ce ba za ta riƙe marainiya dangin ubanta na jin haushi ba, kuma haƙƙinku ne. Ta wanke kayan yarinyar ta ninke a jaka, tana yi tana ba ta labari yadda aka koya mana: Sadiya, Yaya Abubakar zai tafi da ke wurin Gwaggo, Umma ba ta so amma Umma ta haƙura. Wannan karon ba albasa a kusa.

Abubakar ya yi umararsa, ya kwana biyar a wurinmu. Yaron kirki ne, ya bi umarninki, duk abin da na faɗa sai ya cije leɓe. Sadiya kuwa ko tari ba ta yi a gabansa ba. Ya ce min, Kawu, ni ban ji ko kalma huɗun ba.

Yau da hantsi motar Jidda ta tsaya a ƙofa. An sauko da jaka. Aka nemi jan takalminta, babu. An duba ƙarƙashin gado, bayan firji, banɗaki, babu. Direba na ta danna oda. Abubakar ya tsuguna gabanta ya ce, "Sadiya, ina takalmi?" Ta dube shi, ta ɗaga yatsa ta nuna sama. Ya ce saman bene? Ta gyaɗa kai. Gidan da muke haya hawa huɗu ne, ba lif. Ɗanki ya hau, ya zagaya tsakanin tankuna da igiyar shanya, ya sauko rigarsa sharkaf. Ya sake tambaya. Ta nuna gidan su Hadil. Ya tafi.

Yana ba da baya ta kama zanen Batulu ta ja ta kicin. Na bi su a hankali. Ta nuna buhun shinkafa. Batulu ta tura hannu har gwiwar hannu, sai ga jan takalmi, ƙafa biyun, an binne su da kyau an shafe saman. Sadiya ta ɗaga kai ta ce da ƙaramar murya, da Hausa tsantsa:

"Umma, yana nan. Shi bai sani ba."

Sai ta hango ni a bakin ƙofa. Ta tsaya tana auna ni, don ta san halin bakina. Ta ɗora yatsa a leɓe ta ce, "Baba, shiru."

Yaya, ki duba lissafin da ke cikin kan nan. Ta san ba takalmi, ba fita. Ta san ita ta san inda yake, shi bai sani ba. Ta san in ta nuna masa sama zai yarda ya hau. Ta san Umma tata ce, ta san Baba sai an ja masa kunne. Jarrabawar da ta faɗi wata huɗu da suka wuce da 'yar tsana, yau ta ci ta da ƙaton mutum mai digiri. Ni da na tsaya a aji huɗu ban taɓa aika mai digiri saman bene ba.

Na sani ƙarya ba kyau, za mu zauna da ita a kan wannan, tunda yanzu akwai wanda za a zauna da shi. Amma yau kam ba zan ɓoye ba, 'yata ta yi ƙarya kuma ban taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Da Abubakar ya dawo, ni na gaya masa, don shirun da aka sa ni bai kai minti biyu ba. Ya dubi buhu, ya dubi yarinya, ya zauna a ƙasa ya yi dariyar da ya riƙe kwana biyar. Na ɗauki takardun tafiyarta na sa a aljihun gaba na maɓalle. Na ce masa, ɗana, ba laifinka, amma wadda ta binne takalminta don kar ta bar gidan nan, ba ni ne zan tono shi in sa mata ba.

Hannunki ne a takardar riƙo, na sani. In za ki janye, ki janye, ba ni da ƙarfin hana ki. Amma sai dai ki zo da kanki, da gwiwar nan taki, kuma ina gaya miki tun yanzu, benen hawa huɗu ne.

Taubashinki mai taurin kai,
Mika'ilu


Damagaram, 5 ga Zulƙida, 1446

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Abubakar ya iso, har yau yana ɗingishi, kuma duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya ba shi labarin buhun shinkafa kafin labarin Ka'aba. Baffa ya sa an maimaita masa sau biyu. Ya ce Mahadi ne ya dawo, shi ma yana ƙarami ya taɓa ɓoye sandar Baffa a rumbu ranar da za a yi masa kaciya.

Wannan takardar ban ba kowa ya karanta ba, kai ma kar ka karanta wa kowa sai Batulu.

Na ce maka a can abin ya same ta. Ba haka ba ne. Wata huɗun da ta yi a gidana, ni ma ban ji muryarta ba, na yi shiru ban gaya muku ba don kar ku fasa. Kuma ka manta sunan wa ta ci? Sunan mahaifiyarmu ne, ni da Mahadi. Ni ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba tun da aka haife ni. Inna nake ce wa yarinyar, yaran gidan ma Inna. Ka ƙirga wata shida a wurinku. Ka ƙara huɗu nawa. Tun ranar da aka binne uwarta ba wanda ya kira ta sai Batulu.

Ku riƙe ta. Ba zan janye hannuna ba. Amma ku koya mata durƙuso, kuma ka nemo wata Babarbariya a garin nan, na san ba a rasa su, ta riƙa yi mata harshen uwarta kar ya mutu. Kai kuma ka rage sunayen shirme.

Na ce ba na son waya. Ran Juma'a bayan la'asar ka kira wayar Abubakar, ka ba yarinyar. Kwana uku ke nan ina rufe ɗaki ina gwada faɗin sunan ni kaɗai, bakin yana ƙi, amma hannu ya yarda, ga shi ka gani.

Ka gaishe min da Sadiya.

Yayarka,
Hajo